Tarihin Bawul: Yadda Lambobin Da Ke Jikinsa Suka Samo Asali



Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya ga wannan: idan ya gama ba taya iska, sai ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul, ya zuba ido. In yawun ya yi kumfa, bawul na yoyo. In bai yi ba, ka biya ka kama gabanka. A nan yawancinmu muka fara jin kalmar, shi ya sa muke ɗaukar bawul a matsayin ɗan tsirit ɗin abu na naira kaɗan. Amma kan famfon da ke tsakar gida bawul ne, abin da ake murɗawa a kan tukunyar gas ma bawul ne. Duk abin da aikinsa shi ne buɗe wa ruwa ko iska ko tururi ko mai hanya, ko rage masa gudu, ko tare shi, sunansa ke nan. A matatar mai ana ƙirga su da dubbai, wasu sun fi mutum tsawo.

Idan ka duba jikin babban bawul na masana'anta za ka ga haruffa da lambobi da aka zubo tare da ƙarfen: DN80, PN16, WCB, da kibiya. Kamfanin da ke saye daga wata ƙasa ba ya sakin kuɗi sai ya ga waɗannan lambobin sun dace da takardun da aka aiko masa. Lambobin nan suna da tarihi, kuma da yawa daga cikinsu sai da aka yi asarar rayuka kafin a yarda da su.

Ɓarayin ruwa a birnin Rum

Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan wanzami a Iskandariyya ta Masar mai suna Ctesibius ya ƙera famfon tura ruwa. A cikinsa akwai 'yan marafai da ke buɗewa idan ruwa zai wuce gaba, su rufe idan ya so komowa. Wannan dabarar ce har yau ke gindin bututun rijiyar burtsatse.

Rumawa kuwa bututun dalma suka shimfiɗa a biranensu, suka sa musu bawul na tagulla. A Pompeii, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekarar 79 Miladiyya, an tono irinsu da yawa: wani toshi ne mai rami a tsakiya, a zaune cikin gidansa. Ka juya ramin ya fuskanci bututu ruwa ya wuce, ka juya shi gefe ruwa ya tsaya.

A shekarar 97 aka naɗa wani mai suna Frontinus shugaban ruwan birnin Rum, lokacin birnin na sha daga manyan magudanai 9. Da ya auna, sai ya tarar ruwa mai ɗimbin yawa na ɓacewa tsakanin mafari da masu sha. Ya bi diddigi ya gano ma'aikatan ruwan da kansu ne ke huda bututu a ɓoye, ko su sa wa wanda ya ba su na goro mahaɗi mai faɗi fiye da wanda hukuma ta ba shi izini. A littafin da ya rubuta ya jera girman bututu iri 25 da aka amince da su, ya kuma bayyana cewa mahaɗin da ke ba kowa rabonsa na tagulla ake yi, da hatimi a jikinsa, domin tagulla na da taurin da ba a faɗaɗa ta cikin sauƙi kamar dalma. To ka ga tun lokacin an gane cewa kayan ruwa na bukatar awo tsayayye da alamar da za ta tabbatar da shi.

Bayan Rumawa, aikin ya ci gaba a Gabas. A Bagadaza, wajen shekarar 850, 'yan uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta littafi mai ɗauke da na'urori kusan 100. Da yawa daga cikinsu na aiki da bawul mai siffar mazurari, wanda ke buɗewa da rufewa da kansa gwargwadon yawan ruwa. A 1206 kuma Al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya a yau, ya bayyana yadda ake goga toshi da mazauninsa da garin dutse mai kaifi har su zauna da juna ba yoyo. Masu gyaran inji na yin irin wannan gugar har gobe.

Zamanin tururi

Muddin ruwan sanyi ake turawa, mafi munin abin da bawul zai jawo shi ne yoyo. Da aka fara aiki da tururi sai lissafi ya canza, domin ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki a da. In aka kulle shi a tukunyar ƙarfe aka ci gaba da iza wuta, tukunyar ce za ta fashe.

Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin, da ke aiki a Landan, ya ƙera tukunya mai kulle a 1679 wadda ke dafa ƙashi har ya yi laushi. Don kada ta tashi da shi, ya huda murfin, ya toshe hudar da wani ɗan toshi, ya ɗora masa sanda mai nauyi a ƙarshenta. Idan matsi ya fi ƙarfin nauyin, toshin ya ɗaga, tururi ya fita, ya koma ya zauna. Wannan shi ne bawul ɗin kariya na farko. Tukunyar girki ta zamani mai huci jikanyar tukunyar Papin ce.

Sai dai ɗan Adam bai bar shi ya yi aikinsa ba. A ranar 17 ga Yunin 1831, a jihar South Carolina ta Amurka, mai iza wutar wani kan jirgin ƙasa da ake kira Best Friend of Charleston ya gaji da hucin bawul ɗin kariya, ya danne shi don ya yi shiru. Tukunyar ta fashe, ya rasa ransa sanadiyyar haka. Direbobi ma sun riƙa ƙara wa sandar nauyi don jirgi ya ƙara ƙarfi a hawa. Wannan ya sa a tsakiyar shekarun 1850 injiniyan jiragen ƙasa na Ingila John Ramsbottom ya ƙera bawul ɗin kariya mai sifirin, wanda duk yadda direba ya taɓa sandarsa sai dai ya rage matsi, ba ya iya ƙarawa.

Duk da haka tukwane sun ci gaba da fashewa. A ranar 27 ga Afrilun 1865 jirgin ruwan Sultana, wanda aka ba izinin ɗaukar mutum 376 amma aka loda masa sama da 2,000, ya tashi a kogin Mississippi kusa da Memphis bayan tukwanensa sun fashe. Sama da mutum 1,100 suka mutu. Shekara 40 bayan haka, a ranar 20 ga Maris 1905, tukunyar wata masana'antar takalma a garin Brockton na jihar Massachusetts ta fashe, ginin ya rufto, wuta ta kama, mutum 58 suka mutu. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokar tukwanen tururi, ƙungiyar injiniyoyin Amurka da ake kira ASME kuma ta fitar da kundin ƙa'idojinta na 1914. Kundin ya faɗi kaurin ƙarfe, da irin gwajin da za a yi, da bawul ɗin kariyar da ya wajaba a sa. Daga nan maganar maƙeri ita kaɗai ta daina wadatarwa, sai da hatimin mai dubawa.

Rikicin zare

Akwai wata matsalar da ba ta fashewa ba ce, amma ita ma ta ci dukiya. A farkon ƙarni na 19 kowace masana'anta a Ingila da irin zaren notinta. In noti ya ɓace, sai ka koma inda aka ƙera injin. A 1841 Joseph Whitworth ya kawo tsari guda, zare mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jiragen ƙasa suka karɓa. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60. Bambancin digiri 5 ɗin nan na nan har yau: zaren bututun Ingila da ake kira BSP na bin Whitworth, na Amurka da ake kira NPT na da digiri 60. A ido kamar ɗaya suke, a wasu girman ma sukan fara shiga juna, amma haɗin ba ya riƙe matsi.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗar rashin tsari guda a gobarar Baltimore ta watan Fabrairun 1904. 'Yan kwana-kwana sun kawo ɗauki daga Washington da Philadelphia da New York, amma da yawa daga cikinsu suka tarar bakin mesarsu ba ya shiga famfunan birnin. Wutar ta ci kusan awa 30, ta cinye gine-gine sama da 1,500. Da aka yi bincike, sai aka tarar akwai bakin mesa kusan iri 600 a ƙasar.

A wannan zamanin ne aka kafa hukumomin awo: ta Ingila a 1901, ta Jamus da ake kira DIN a 1917, sai ta duniya, ISO, a 1947. Harkar mai ma ta kawo nata. A watan Janairun 1901 rijiyar Spindletop a Texas ta ɓalle, ta yi kwana 9 tana feshin mai sama kafin a iya rufe bakinta. Kamfanonin mai sun kafa cibiyarsu ta API a 1919, ta fara fitar da ƙa'idojin kayan aiki a 1924. Abin da ya biyo baya shi ne duniya ta rabu gida biyu: masu awo da inci a tsarin Amurka, da masu awo da milimita a tsarin Turai.

Ire-irensa da sassansa

Kowane irin bawul wata bukata ce ta haifar da shi. Akwai mai ƙyaure, wanda 'yan kasuwa ke kira get-bawul: wani faifan ƙarfe ne ke sauka ya datse hanya, ya tashi ya buɗe ta gaba ɗaya. An yi shi ne don ya zauna a buɗe ko a rufe. In aka bar shi rabi da rabi, gudun ruwa na cinye bakin ƙyauren. Wanda aka yi don rage gudu shi ne mai tulu, wato gulob-bawul, inda ruwa ke lanƙwasa a ciki, toshi na sauka a hankali a kan mazauninsa. Akwai mai hana komowa, jikan na Ctesibius, wanda ba shi da abin murɗawa, shi ya sa kibiyar jikinsa ke da muhimmanci: in aka ɗaura shi a juye, ruwa ba zai wuce ba. Akwai mai faifai, wanda Turawa suka sa wa sunan malam-buɗe-littafi, faifansa na juyawa a tsakiyar bututu, ba shi da nauyi, ya dace da manyan bututun ruwa. Akwai mai ƙwallo, bol-bawul, ƙwallon ƙarfe mai rami da ke rufewa da juyi ɗaya bisa huɗu. Dabararsa irin ta Rumawa ce, amma bai yaɗu ba sai a shekarun 1950, bayan an sami robar Teflon da Roy Plunkett ya gano a 1938, wadda ta ba ƙwallon mazauni mai santsi da ba ya yoyo. Sai kuma na kariya, wanda muka riga muka gani.

Sassan kusan ɗaya ne a yawancinsu. Akwai gangar jiki, wadda ke ɗaukar matsi. Akwai murfi da ake kwancewa idan za a yi gyara. Akwai abin rufewa, ko ƙyaure ne ko toshi ko ƙwallo ko faifai, da mazaunin da yake zama a kai. Akwai sanda da ke haɗa shi da waje, da cushen da ake nannaɗe sandar da shi don kada abin da ke ciki ya bi gefenta ya fito. A sama akwai sitiyari ko hannu, ko injin murɗawa mai aiki da lantarki ko iska. A gefe biyu kuma akwai mahaɗi: ko zare, ko walda, ko leɓe mai ramukan noti da gasket a tsakani. Yoyo yawanci daga wuri biyu yake zuwa, mazauni da cushe, shi ya sa mai saye da ya san aiki ke tambayar da me aka yi su tun kafin ya tambayi farashi.

Fitila da takarda

Zuwa rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ƙarfe ya inganta, amma hatsari bai ƙare ba. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Pennsylvania, wani bawul ɗin rage matsi ya buɗe kamar yadda ya kamata, ya ƙi rufewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe, alhali abin da take nunawa shi ne an tura masa umarnin rufewa. Sama da awa biyu ruwan sanyaya tukunyar na zuba ba su sani ba, har wani sashe na cikinta ya narke. Tun daga nan aka ƙara matsa wa masana'antu cewa alama ta riƙa nuna ainihin inda sandar bawul take.

A ranar 6 ga Yulin 1988 kuma, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke tekun arewa maso gabashin Aberdeen, ma'aikatan rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don dubawa, suka toshe gurbin da faifan wucin gadi. Ba su gama ba lokacin tashi ya yi. Da dare ɗaya famfon ya tsaya. Ma'aikatan dare ba su ga takardar da ke cewa an cire bawul ba, suka tayar da famfon da ake gyara. Gas ya fita ta gefen faifan, ya kama da wuta, bututun da ke zuwa daga wasu dandalolin suka ci gaba da ciyar da ita. Mutum 167 suka mutu, 61 suka tsira. Rahoton Lord Cullen na 1990 ya ba da shawarwari 106, ciki har da gyara tsarin takardun izinin aiki da inganta bawul-bawul na datse bututu a lokacin gaggawa.

Karanta jikin bawul

Yanzu mu koma ga lambobin farko. DN80 faɗin bakinsa ne a tsarin milimita, daidai da inci 3. PN16 na nufin yana ɗaukar matsin bar 16 a yanayin zafi na yau da kullum. Don kwatance, tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka. A tsarin Amurka aji ake rubutawa: 150, 300, 600, 900, 1500, 2500. WCB nau'in ƙarfen zubi ne na aikin yau da kullum, CF8M kuma wanda ba ya tsatsa ne, don sinadarai masu cin ƙarfe. Akwai kuma lambar narki, wadda ke nuna daga wane zubi ƙarfen ya fito, kuma dole ta dace da wadda ke kan takardar shaidar ƙarfe. Kafin kaya su bar masana'anta ana cika gangar jikin da ruwa a matsin da ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda aka rubuta, a ga ko zai tsatso. Wato aikin yawun mai faci ne, aka mayar da shi doka.

Ga misalin yadda gida biyun nan ke cin kuɗin mutane. Leɓen DN80 PN16 na Turai ramukan noti 8 gare shi. Leɓen inci 3 aji 150 na Amurka ramuka 4 gare shi. Faɗin bututun ɗaya ne, amma ba sa haɗuwa. Ɗan kasuwar da ya cika kwantena da ɗaya alhali injin abokin cinikinsa na bin ɗayan tsarin, ya yi jigilar ƙarfen da ba za a ɗaura ba.

Kowace kasuwa kuma da sharaɗinta. Tarayyar Turai ta kafa dokar kayan matsi a 1997, ta sabunta ta a 2014, kuma manyan bawul-bawul ba sa shiga sai da tambarin CE. Amurka tun watan Janairun 2014 ta hana sayar da bawul ɗin ruwan sha da dalmar da ke sassansa masu taɓa ruwa ta wuce kashi 0.25 cikin 100. Kamfanonin mai na neman shaidar API 6D ga na bututu. A kwastan kuwa duk duniya lambar kayan 8481 ce.

Wuraren ƙira ma sun sauya. A da Ingila da Amurka da Jamus ne ke gaba. Yau ana ƙera su da yawa a Wenzhou da Yuhuan na lardin Zhejiang a ƙasar Sin, da Lumezzane a arewacin Italiya, da Coimbatore da Ahmedabad a Indiya. Tazara tsakanin maƙeri da mai saye ta kai dubban kilomita, galibi ba su taɓa ganin juna ba, kuma abin da ke cikin ƙarfe ba a ganinsa da ido. Fenti mai sheƙi na iya rufe kogon iska a cikin zubi, ana kuma iya buga tambarin babban kamfani a kan kayan bogi. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne lamba, da takarda, da mai dubawa na uku da ke zuwa masana'anta ya ga gwaji da idonsa.

Mu a nan muna ɓangaren masu saye ne. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, da ta Soraz kusa da Damagaram da aka buɗe a 2011, da bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, da bututun gas na kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, duk da bawul-bawul suke aiki ko za su yi aiki. Haka gidajen ruwa da gidajen sayar da gas da ke cikin unguwanninmu. Wanda ya shigo da kayan da ba su da shaida don ya rage farashi, ribarsa a aljihunsa take, hatsarin kuma yana kan mai aiki da maƙwabtansa. Araha dai ba ta ado.

Idan hanya ta bi da ku ta kasuwar kayan famfo, ku ɗauki bawul ɗaya ku juya shi, ku karanta abin da ke jikinsa, ku tambayi mai shago zaren na Ingila ne ko na Amurka. Ina son jin amsar da za ku samu, da kuma sunayen da masu gyaran famfo na garinku ke kiran waɗannan sassan da su.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.